Yadda tarar dala 35 ke zama asarar dala dubu: fashin baƙi kan tikitin gudu a Kalifoniya

Daga wajen suna muke dawowa, wata Asabar da la'asar sakaliya, a kan babbar hanya mai lamba 99 da ta ratsa tsakiyar jihar Kalifoniya a Amurka. Hanya ce miƙaƙƙiya, gonaki hagu da dama, ba kwana ba tudu, irin wadda ƙafa ke nutsewa a kan totur mai ita bai sani ba. Sai da fitila ja da shuɗiya ta cika madubina sannan na dubi allon gudu: mil 79 a inda doka ta ce 65, wato kusan kilomita 127 a maimakon 105. Na gangara gefe, na kashe mota, na ɗora hannuwana biyu a kan sitiyari kamar yadda ake koya wa duk baƙon da ya zo ƙasar nan. Ɗan sandan ya zagayo ta ɓangaren da maiɗakina ke zaune, ya karɓi lasisi da takardar mota da shaidar inshora, ya koma motarsa. Bayan kamar minti goma ya dawo da takarda da biro. "Sa hannu a nan," in ji shi. "Ba ka amsa laifi ba, alkawari kawai ka yi cewa za ka amsa kiran kotu." Ba wanda ya yi maganar kuɗi, kuma wanda ya kuskura ya yi ta a bakin titin nan ya janyo wa kansa shari'ar da ta fi ta gudu muni.

Bayan 'yan makonni wasiƙar kotu ta iso, sai na ga ana nemana da dala ɗari biyu da talatin da wani abu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tarar da dokar jihar ta yanka wa wanda ya wuce ƙa'ida da mil 1 zuwa 15 dala 35 ce kacal. Daga mil 16 zuwa 25, dala 70. Daga 26 zuwa sama, dala 100. To ina sauran suka fito? Daga 'yan ƙare-ƙaren da majalisar jihar ta yi ta liƙawa shekara da shekaru. A kan kowace dala goma ta tarar asali, jiha na ɗora goma, gunduma na ɗora bakwai, asusun gina kotuna biyar, asusun gwajin ƙwayoyin halitta biyar, na agajin gaggawa biyu. Sannan a ƙara kashi 20 cikin ɗari, a ƙara dala 40 ta gudanar da kotu, a ƙara wata 35 ta samun mutum da laifi. Kafin ka ankara 35 ta haura 230, 70 ta kai wajen 360, 100 kuwa ta doshi 490. Jela ta fi kare girma.

Duk da haka, wannan kuɗin shi ne ƙaramin alhaki, domin sau ɗaya ake biyansa a wuce wurin. Abin da ke bin mutum shi ne maki.

Da zarar ka biya tarar nan ba tare da wata magana ba, a idon doka ka amsa laifi. Kotu za ta aika wa hukumar lasisi da rajistar motoci ta jihar, wadda kowa ke kira DMV, ita kuma ta rubuta maka maki ɗaya a kundinka na tuƙi. Gudun wuce sa'a na yau da kullum maki ɗaya ne, hatsarin da kai ka haddasa shi ma ɗaya. Tuƙi cikin maye, tuƙin ganganci, gudu bayan ka buge wani, ko wuce mil 100 a awa, waɗannan maki bibbiyu ne. Wanda ya tara huɗu cikin wata 12, ko shida cikin wata 24, ko takwas cikin wata 36, hukuma na ɗaukarsa direba mai sakaci, tana iya dakatar da lasisinsa. Yawancinmu ba ma kaiwa can. Amma makin ɗaya tak yana zaune a kundi shekara uku, kuma akwai masu biyan kuɗi musamman don su leƙa kundin nan, su ne kamfanonin inshora.

Wanda ya taso a gida Najeriya zai yi wuya ya ji zafin wannan tun farko, don inshorar da muka sani takarda ce da ake yanka a ajiye a mota saboda 'yan sanda. Farashinta guda ne, naira 15,000 ga ƙaramar mota tun daga 2023, direban kirki da na banza duk ɗaya. A Amurka kuwa farashin na jikin mutum ne. Ni da maƙwabcina muna iya hawa mota iri ɗaya, kamfani ɗaya, amma ya riƙa biyan ninkin abin da nake biya. Kuma kuɗi ne mai yawa, ana sabuntawa duk wata shida ko duk shekara, ba yadda za ka yi ka tsallake. Tun daga Janairun 2025 ma an ɗaga mafi ƙarancin inshorar da doka ta wajabta a Kalifoniya: dala 30,000 ga raunin mutum ɗaya, 60,000 ga duka waɗanda suka ji rauni a hatsari guda, 15,000 ga ɓarnar dukiya.

A wannan jihar maki ya fi yin nauyi fiye da wurare da yawa, kuma dalilin yana da tarihi. A watan Nuwamba na 1988 masu zaɓe suka amince da wata doka ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, wadda aka sani da Ƙudiri na 103. Lauya Harvey Rosenfield ne ya rubuta ta, Ralph Nader, sanannen ɗan fafutukar kare haƙƙin masu saye, ya mara masa baya, kamfanonin inshora suka zuba miliyoyin daloli don kayar da ita amma ta sha da ƙyar. Dokar ta tilasta wa kamfani ya fara duba abu uku kafin komai in zai yanka maka farashi: tarihin tuƙinka, yawan tafiyar da kake yi a shekara, da yawan shekarun da ka yi kana tuƙi. Tarihin tuƙi ne a kan gaba. A wasu jihohi kamfani na iya duba yadda kake biyan bashi ya ƙara maka ko ya rage, a Kalifoniya ba a yarda da haka ba. Adalci ne, amma ma'anarsa ita ce kundin DMV ya zama ma'aunin da ya fi kowane ƙarfi.

Dokar ta kuma kawo rangwamen direban kirki: aƙalla kashi 20 cikin ɗari ga wanda ya shekara uku da lasisi, kuma makinsa bai wuce ɗaya ba a cikin shekarun ukun. A nan mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi. Maki na farko ba ya ƙwace maka wannan rangwame, ko da yake kamfani na iya ƙara maka kuɗi saboda shi. Na biyun ne ke karya ƙashin baya, don ƙarin kuɗi ya hau, rangwame kuma ya tafi. Mai maki ɗaya yana tafiya ne a kan siraɗi har shekara uku: ko tikiti ne, ko ya goge motar wani a wurin ajiye motoci aka ce laifinsa ne, shi ke nan.

Mu ɗauki misali kawai, don ƙarin ya danganta da kamfani da shekarun mutum. A ce kana biyan dala 2,000 a shekara, aka ƙara maka kashi 20. Dala 400 ke nan a shekara, 1,200 a shekara uku, a kan tikitin da tararsa ta asali 35 ce. Kuma ba ya zuwa nan take. Kamfani ba ya duba kundi kullum, sai lokacin sabuntawa ko in ka nemi sabon kamfani. Sai ka manta da maganar, bayan wata biyar ko takwas takarda ta zo da sabon farashi.

Wannan lissafin ban yi shi da kaina ba. Wani dattijo ne mutumin Maraɗi, wanda ya haura shekara ashirin yana tuƙin tasi a nan, ya tsare ni a ƙofar masallaci da na ce masa zan biya in huta.

"Kawu, ai kuɗin ba su taka kara sun karya ba," na ce masa.

"Ɗana, kar ka biya haka siddan," ya ce. "Dubi ƙasan takardar, akwai kuɗi biyu. Wanda ya fi yawa shi ne mai araha."

Da na duba, haka ne. Adadi na biyu ya ɗara na farko da dala hamsin da wani abu, kuma a gefensa an rubuta cewa na wanda ya zaɓi zuwa makarantar direbobi masu laifi ne.

Yadda abin yake: za ka biya tarar duka, ba ragi ko sisi. Ka ƙara wa kotu kuɗin hidima. Sannan ka zaɓi makaranta daga jerin waɗanda DMV ta ba lasisi, ka biya ta nata daban. Darasin na awa takwas ne a ƙa'ida, ana yi a aji, ko da littafi a gida, ko ta intanet, kuma a yanzu yawanci ta intanet ake yi. In ka gama kafin ranar da kotu ta ɗibar maka, makarantar ta aika shaida, sai a rubuta laifin a kundinka amma a lulluɓe shi. Kotu na gani, DMV na gani, kamfanin inshora ba ya gani, kuma makin ba ya shiga lissafi. Kafin Yulin 2011 soke tuhumar ake yi gaba ɗaya kamar ba a yi ba, abin da ya ba wasu damar zagaya kotuna suna shiga makaranta a kai a kai ba tare da an gane ba. Yanzu laifin yana nan, rufa masa asiri kawai ake yi.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Lasisinka ya zama mai aiki, laifin ya zama na maki ɗaya, babu maye a ciki, kuma gudunka bai wuce ƙa'ida da fiye da mil 25 ba. In ya wuce, akawun kotu ba shi da ikon ba ka dama, sai ka tsaya gaban alƙali ka roƙa. Babban sharaɗin shi ne sau ɗaya ake rufa wa mutum asiri cikin wata 18, kuma daga ranar da aka kama ka ake ƙirgawa zuwa ranar da aka sake kama ka, ba daga ranar da ka gama darasi ba.

Ni ta intanet na yi, a teburin kicin, dare biyu. Shafi bayan shafi: tazarar da ta kamata tsakaninka da motar gaba, abin da za ka yi in motar makaranta ta kunna jar fitila, yawan barasar da ke sa a kama mutum, ni da ban taɓa ɗanɗana ta ba. Jefi-jefi sai tambaya ta faɗo don a tabbatar kai ne a zaune ba ɗanka ba. A ƙarshe jarrabawa ta zaɓi-ɗaya, wadda sai mutum ya yi da gaske kafin ya faɗi. In faɗi gaskiya, abu ɗaya ko biyu na ƙaru da su. Ban kuma yi mamaki ba da na ji cewa sashen bincike na DMV da kansa ya taɓa nazarin tsarin, bai ga alamar yana rage hatsari ba, hasali ma ya koka cewa ɓoye laifi yana hana a gane direbobi masu haɗari. A ganina sunan makaranta ado ne. Ciniki ne tsakanin direba da jiha: ka ƙara kuɗi, ka ba da yininka, mu kuma mu kau da idon mai inshora. Wanda ke cin riba shi ne direba mai 'yan canji a aljihu. Wanda ba zai iya haɗa dala ɗari uku ba shi ne makin ke hawa kansa, ya yi ta biyan ƙarin inshora shekara uku, alhali shi ne ya fi kowa rashin hali. Jihar ta ɗan rage zafin da wani shafin intanet mai suna MyCitations, inda mai ƙaramin ƙarfi ke iya neman a rage masa tara ko a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan, amma mutanenmu da yawa ba su san da shi ba.

Saura hanya ta uku, wato ka ce ba ka yarda ba.

Laifin gudu ƙaramin laifi ne a dokar jihar: babu ɗauri, babu masu taya alƙali yanke hukunci, kuma gwamnati ba ta ba ka lauya. Galibi ma babu mai gabatar da ƙara, ɗan sandan da ya rubuta tikitin ne shaida, shi zai faɗi abin da ya gani. Shi ya sa in bai zo ba a kan sallami ƙarar. Amma kada kowa ya gina gida a kan wannan, domin zuwa kotu na cikin aikinsu, kuma sukan zo.

Kalifoniya na da wata ƙofa da ba kowace jiha ke da ita ba: shari'a a rubuce, ƙarƙashin sashe na 40902 na dokar ababen hawa. Ka cike fom mai lamba TR-205, ka rubuta bayaninka, ka haɗa hotuna ko zane in kana da su, ka ajiye kuɗin tarar a matsayin beli. Shi ma ɗan sandan a nemi ya rubuto nasa. Alƙali ya karanta duka biyun ya yanke hukunci ba tare da ka taka kotu ba. In ka ci, a dawo maka da kuɗinka. In ka faɗi, kana da kwana 20 ka nemi sabuwar shari'a ido da ido, a fara daga farko kamar ba a yi ta rubutun ba. Dama biyu ke nan a kan tikiti guda.

Sai dai samun dama daban, samun hujja daban. Abu na farko da mai son jayayya zai duba shi ne lambar sashen da aka rubuta a tikitinsa. In 22349 ce, wato wuce iyakar ƙarshe ta mil 65 a babbar hanya, ko 55 a hanya mai layi biyu da ba a raba tsakiyarta ba, to ƙofa a ƙuntace take. Doka ta ce kar ka wuce, ka wuce, ko da kai kaɗai ne a titi. Nawa ke nan, shi ya sa ban ja ba. In kuwa 22350 ce, magana ta canza. Wannan sashen cewa ya yi kada ka yi gudun da ya fi ƙarfin yanayin hanya, saboda haka kana iya gamsar da alƙali cewa rana tsaka ce, titi a bushe, ba cunkoso ba masu tafiya a ƙasa, gudun da ka yi bai jefa kowa cikin haɗari ba. Akwai kuma dokar hana ɗana wa direbobi tarko, sashe na 40802. A kan tituna da yawa na cikin gari, in da na'urar auna gudu aka kama ka, sai hukuma ta nuna cewa injiniyoyi sun auna titin a 'yan shekarun nan, kuma awon ya gaskata iyakar da aka kafa. In awon ya tsufa ko babu shi, shaidar na'urar ta faɗi. Wannan bai shafi ƙananan layukan unguwa da gaban makarantu ba. Ana kuma iya tambayar yaushe aka gwada na'urar, da ko mai riƙe da ita ya samu horo.

Abin da ba ya aiki kuwa kowa ya san shi, amma kullum sai an faɗa: kowa ma gudu yake yi, na makara ne, ban ga allon ba. Duk wanda ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan ya amsa laifi da bakinsa. Kuma akwai kasada. Kafin shari'a, makaranta kusan a hannunka take, akawu ne zai buga maka hatimi. Bayan ka ja ka faɗi, sai abin da alƙali ya gani. Doka ba ta yarda a hana ka don kawai ka nemi shari'a ba, amma ka koma mai roƙo. Saboda haka shawarar da zan ba mai tikitin farko, wanda ya san ya yi gudun, ita ce ya tafi makaranta. Jayayya ta fi dacewa da mai hujja ta gaske, ko wanda ya riga ya ƙone damarsa cikin wata 18, ko wanda tuƙi ne abincinsa.

Na ƙarshen nan su ne abin tausayi. Dokar tarayya ta hana jihohi ɓoye laifin mai lasisin tuƙin manyan motoci. In a kan tirela aka kama shi, babu maganar makaranta. In a motarsa ta gida ce yana iya zuwa, makin ba zai shiga lissafi ba, amma laifin na nan a fili ga mai inshora da ubangidansa. Masu ɗaukar fasinja ta manhajojin Uber da Lyft ma kamfanonin na bibiyar kundinsu. Irin waɗannan ne ke ɗaukar lauya a kan tikitin da wani zai ga bai kai ya kawo ba, kuma suna da gaskiya.

Duk wannan labarin Kalifoniya ne, kowace jiha da nata allon. A Tekzas darasin awa shida ne, sau ɗaya a shekara, kuma soke tuhumar ake yi. A Niyok darasin na rage maki har huɗu wajen lissafin dakatar da lasisi, yana kuma jawo ragin kashi 10 a wani ɓangare na inshora har shekara uku, amma laifin ba ya ɓoyuwa, kuma a cikin birnin Niyok babu cinikin rage tuhuma a ofishin da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Bajiniya na cikin jihohin da suka fi tsanani: wuce ƙa'ida da mil 20, ko haura mil 85 a ko'ina, tuƙin ganganci ne, laifin da ke iya kai mutum kurkuku har wata 12 da tara har dala 2,500. Baƙon da takardun zamansa ba su gama nuna ba ya kiyayi wannan hanya. Kuma yawancin jihohi na musayar bayanai, tikitin da aka yanka maka a Nebada zai iya biyo ka gida.

Tikitin kyamara kuma wani abu ne dabam. Dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta ba birane shida damar gwada kyamarorin gudu, ciki har da Los Anjelus da Okland da San Faransisko, wadda ta kunna nata a 2025. Tarar na farawa daga dala 50 ga wanda ya wuce da mil 11, mai motar ake aika wa, kuma babu maki. Wato gudu ɗaya a titi ɗaya, in kyamara ce ta gan ka mai inshora ba zai ji labari ba, in ɗan sanda ne sai ka nemi mai rufa maka asiri.

Wata biyu bayan na gama darasi, na shiga shafin DMV na biya dala 2 na ciro kundina, don Kawu ya ce kada in yarda da maganar makaranta sai na gani da idona, takan faru shaida ta maƙale a hanya maki ya hau mutum bai sani ba. Babu maki. Da takardar sabunta inshora ta zo, an ƙara mini wani abu kaɗan, na kira na tambaya, matar ta ce ƙarin kowa da kowa ne.